Sharhin fim ba zagon ƙasa ba ne: martani ga mai cewa a ajiye alƙalami

Kwanakin baya wani marubuci da nake ganin girmansa ya fitar da maƙala a kan masu sharhin finafinan Hausa, musamman waɗanda suke bin finafinan sarƙaƙiya da na rikicin rayuwa masu dogon zango suna yi musu tankaɗe da rairaya. Ƙarshen zancensa shi ne su ajiye alƙalami. Idan kuwa lallai sai sun yi rubutu, to su je wurin darakta su ji ta bakinsa, su kawo wa jama'a abin da ya faɗa, su tsaya iya nan. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma ina ganin cutarwarsa za ta faɗa ne a kan masana'antar da marubucin, wanda zan kira Malam, yake son karewa.

Hujjojinsa ba na wasa ba ne, don haka zan kawo su yadda ya kawo su. Ya ce Kannywood da ƙyar take numfashi: kasuwar faifai ta mutu, gidajen kallo ba su da yawa, abin da YouTube ke biya bai taka kara ya karya ba, ga hukumar tace finafinai a wannan gefe, ga masu wa'azi a wancan. A irin wannan hali, in ji shi, duk wanda ya fito yana lissafa kurakuran fim ya miƙa wa maƙiya makami ne. Ya ce yawancin masu sharhin ba su taɓa yini a lokeshin ba, ba su san yadda ake haɗa kuɗin fim ba, don haka ba su da bakin magana. Ya ce alƙalin gaskiya shi ne mai kallo, kuma ɗimbin jama'ar da ke bin Labarina da Izzar So sun riga sun yanke hukunci. Ya ƙara da cewa darakta ne kaɗai ya san abin da yake nufi da fim ɗinsa, saboda haka hira da shi ta wadatar. Daga ƙarshe ya koka cewa sharhi yana tona asirin labarin sarƙaƙiya tun kafin mutane su kalla.

A kan wannan ta ƙarshe ya yi gaskiya, kuma ba zan ja da shi ba. Wanda ya bayyana makashin tun a sakin layi na farko ya zalunci darakta, ya zalunci mai kallo. Haka nan akwai masu zagi da ke kiran kansu masu sharhi, waɗanda suke barin fim su koma kan auren jaruma ko suturarta. Amma maganin waɗannan shi ne a koya musu aikin, ko a daina ba su fili. Malam ya haɗa su da masu aikin gaskiya ya ce kowa ya yi shiru, kuma a nan muka rabu.

Bari in fara da maganar makami, domin ita ce ta fi kama zuciya. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Tsakanin 2007 da 2011, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantarta, 'yan fim sun ga tasku, har aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008 a kan fim ɗinsa Tsintsiya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa bayan da malamai suka yi ca a kai. A watan Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. To, Malam, a cikin waɗannan duka wanne ne ya faru saboda wani ya rubuta cewa labari ya yi rauni a tsakiya, ko sauti bai fita ba? Wane mai wa'azi ne ya hau mumbari yana kafa hujja da cewa ɗan sandan cikin fim bai iya bincike ba? Tuhumar da ake yi wa Kannywood tun farko guda ce, wato ɓata tarbiyya, sai kuma saɓa ƙa'idar hukuma. Masu wannan tuhuma ba su taɓa buƙatar mai sharhi ya ara musu baki ba.

Abin da Malam bai lura da shi ba shi ne, rashin sharhin ne ya bar fagen a hannunsu. Shekara da shekaru jama'armu ba ta da wata hanyar magana a kan fim sai ta halas da haram, gyara tarbiyya ko ɓata ta. Su kansu 'yan fim sun karɓi wannan ma'auni, shi ya sa duk wanda aka tare da tambaya sai ya ce faɗakarwa suke yi. Idan kuwa faɗakarwa ce kaɗai abin da fim ya mallaka, to malami ya fi darakta iya ta, kuma shi zai ci gaba da zama alƙali. Mai sharhi na gaskiya yana kawo ma'auni na dabam. Yana cewa wannan sana'a ce mai ƙa'idoji, akwai rubutu, akwai ɗaukar hoto, akwai haske, akwai tsara fitowa bayan fitowa, kuma ana iya gwanancewa a cikinta ko a gaza. Wanda ya zauna ya rubuta shafi biyu yana bayyana dalilin da ya sa zango na uku na wani fim bai kai na farko ba ya ɗauki fim da daraja, ya ɗauki mai yin sa a matsayin ma'aikacin da za a yi wa hisabi a kan aikinsa. Wannan ita ce kariyar da masana'antar ta fi buƙata, kuma ita Malam yake neman a rufe.

Mun ma taɓa ganin irin wannan a adabi. A shekarun 1990 aka yi zazzafar muhawara a jaridu a kan littattafan soyayya, inda Ibrahim Malumfashi ya yi musu kaca-kaca da sunan adabin kasuwar Kano, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu kuma suka shigo da nasu ra'ayoyin. An faɗi maganganu masu zafi, marubuta da dama sun ji ciwo. Shin adabin ya mutu? Muhawarar ce ta ja hankalin jami'o'i zuwa gare shi, aka shiga rubuta kundaye a kan littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa. Da an bi shawara irin ta Malam a wancan lokaci, da an bar littattafan ga masu cewa a ƙona su kawai.

Maganar cewa sai wanda ya yi fim zai yi sharhin fim ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Ba don daraktoci ake shirya fim ba, don masu kallo ake yi, kuma mai sharhi mai kallo ne da ya ƙara da karatu da lura. Idan sai darakta ne zai auna darakta, a masana'antar da kowa ubangidan wani ne ko yaron wani, wa zai faɗi gaskiya ya kwana lafiya?

Batun kuɗi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Gaskiya ne ana shirya finafinanmu cikin ƙunci, kuma mai sharhin da ya zargi darakta don bai tarwatsa mota ko ya ɗauki hoto daga jirgin sama ba bai yi adalci ba. Sai dai Malam ya duba irin kurakuran da aka fi kuka da su a finafinan sarƙaƙiya. Mugu ya zauna shi kaɗai a ɗaki yana bayyana makircinsa da babbar murya don kada mai kallo ya ɓata. Jami'in bincike ya gano mai laifi ba ta wata shaida ba, sai don wani ya laɓe a bayan ƙofa ya ji zance. A kashe mutum a kashi na biyar, a kashi na ashirin a manta da gawarsa, babu wanda ya sake tambaya. A shiga kotu, lauya da alƙali su yi abin da ba a yi a kowace kotu ta ƙasar nan. Kiɗan tashin hankali ya riƙa bugawa tun daga farkon fitowa har ƙarshenta, har kunne ya saba ya daina jin komai. Wanne daga cikin waɗannan ne kuɗi zai gyara? Takarda da biro ne maganinsu, da marubucin da aka bai wa lokaci, da daraktan da ya karanta labarin har ƙarshe kafin ya kunna kyamara.

Ga misali daga Indiya, tunda masu kallonmu sun san finafinanta kamar yunwar cikinsu. A 2013 Jeethu Joseph ya fitar da Drishyam da harshen Malayalam. Labarin wani magidanci ne mai ƙarancin karatun boko da yake ƙoƙarin kare iyalinsa daga binciken 'yan sanda. Babu yaƙi, babu manyan gine-gine, yawancin fim ɗin a gida ne da shago da ofishin 'yan sanda. Ƙarfinsa duka yana cikin yadda aka saƙa labarin, kowace ƙaramar magana da aka yi a farko tana da aikin da za ta yi a ƙarshe. Saboda wannan saƙa aka sake shirya shi da Hindi a 2015 tare da Ajay Devgn, aka kuma shirya shi a Sin a 2019. Matashin Kano ko Zinder da yake kallon irin waɗannan finafinai a fassarar Hausa, da su yake auna namu, ko mai sharhi ya yi magana ko bai yi ba. Shirunmu ba zai hana shi gani ba, darakta kawai zai hana ji.

Wannan ya kawo ni ga hujjar yawan masu kallo. Lambar da ke ƙarƙashin bidiyo tana nuna mutum nawa suka danna. Ba ta nuna nawa ne suka kai ƙarshe, nawa ne suka riƙa tsallake fitowa, nawa ne suke kallo suna tsaki don sun riga sun fara ba sa son bari. Mutum yana iya son fim kuma yana jin haushin yadda ake ja masa rai, kuma duk wanda yake zama a majalisa ko shagon aski washegarin fitowar sabon kashi ya san jama'a ba su da sassauci. Suna cewa wannan fitowar ba ta da amfani, wancan jarumin ya canza hali ba dalili. Mai sharhi yana tsara abin nan ne ya kafa masa hujja. Me ya sa abin ya halatta a bakin shago, ya zama zagon ƙasa idan ya hau takarda?

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wato yadda kasuwar kanta take tura daraktoci. Tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, Daɗin Kowa ya biyo baya, sannan Kwana Casa'in a 2019, Labarina da Izzar So a 2020, harkar ta koma ta dogon zango. A wannan tsari kuɗi yana bin yawan kashi ne: ƙarin mako, ƙarin talla. Don haka kowane furodusa yana da dalilin jan labari, ko da labarin ya ƙare. Daga nan ake samun gaisuwar da ba ta ƙarewa, da mota tana shiga gida ana nuna buɗe ƙofa da rufe ta, da tuna baya a kan abin da aka gani makon jiya. Labarin soyayya yana iya jure wannan. Labarin sarƙaƙiya ba ya jurewa, domin zullumi ne ransa, kuma zullumi yana hucewa idan aka daɗe. Mai talla ba zai ce a gajarta ba, tashar ba za ta ce ba, jarumin da ake biya bisa yawan fitowa ba zai ce ba. Idan aka rufe bakin mai sharhi, wa ya rage da zai ce wa darakta labarinka ya kai inda ya kamata ya tsaya?

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, cewa hira da darakta ta wadatar. Ina cikin masu son hira da daraktoci, kuma ina ganin ba a yin ta yadda ya kamata. Amma darakta niyyarsa zai faɗa maka, allo kuwa sakamako yake nunawa, kuma tsakanin biyun ne aikin mai sharhi yake. Darakta zai ce ya so ya nuna illar son zuciya. Madalla. Shin ta fito? Shin mai kallo ya ji ta a jikinsa, ko sai da wani dattijo ya fito a kashin ƙarshe ya karanta masa ita? Ba daga bakin wanda ya yi aikin za a ji amsar nan ba, ko da ya fi kowa gaskiya, domin ya daɗe a cikin labarin har ba ya iya ganinsa da idon baƙo.

Kuma hirar kanta ba ta yin armashi sai mai tambaya ya kasance mai sharhi. A 1962 François Truffaut, ɗan Faransa, ya zauna da Alfred Hitchcock na kusan mako guda yana yi masa tambayoyi a kan finafinansa ɗaya bayan ɗaya, aka buga hirar a littafi a 1966, kuma har yau ɗaliban fim suna karanta ta. Wane ne Truffaut? Kafin ya zama darakta mai sharhi ne a mujallar Cahiers du Cinéma, mai kaifin alƙalami har aka hana shi halartar bikin finafinai na Cannes a 1958, shekara guda kafin ya dawo wurin ya lashe kyautar gwarzon darakta. Saboda ya kalli finafinan da idon tarke ne ya san abin da zai tambaya, har ya faɗa wa Hitchcock inda yake ganin wani fim bai yi ba. A cikin wannan hira Hitchcock ya bambance razana da zullumi. Idan bam ya tashi ba zato, mai kallo ya razana na ɗan lokaci. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, mutanen da ke zaune ba su sani ba, to duk hirar banzar da suke yi ta zama abin da zai hana shi ƙifta ido. Wannan darasi guda ya isa ya gyara rabin finafinan sarƙaƙiyarmu, waɗanda suke ɓoye wa mai kallo komai don su ba shi mamaki a ƙarshe. Kuma ba a same shi ta hanyar yabo ba.

Mu kuwa me muke tambaya? Yaushe ka shigo masana'antar, wane ne ubangidanka, wane ƙalubale kake fuskanta, wane kira gare ka ga masoyanka. Irin wannan hira tana da gurbinta, jama'a suna son sanin mutanen da suke kallo. Amma ba ta ƙara wa matashin da ke son koyon aikin komai ba. Ina son in ji an tambayi Salisu T. Balarabe abin da ƙirƙirar jihar Alfawa ta ba shi damar faɗa a Kwana Casa'in wanda da ba zai iya faɗa ba, da kuma abin da ta hana shi. Ina son in ji an tambayi Aminu Saira yadda ya lissafa da mai kallo sa'ad da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina wata jarumar ta ɗauki matsayin Sumayya, da dalilin da ya sa daga baya ya ɗauko sabon labari ƙarƙashin tsohon suna. A lokacin hankalin mutane ya fi karkata ga neman mai laifi, alhali tambayar sana'a tana nan ba a taɓa ta sosai ba. Waɗannan daraktoci ne masu tunani, suna da amsoshi, kuma na tabbata za su fi jin daɗin a tambaye su aikinsu da a riƙa yi musu kirari. Amma ba mai iya yin irin wannan tambaya sai wanda ya kalli fim ɗin duka, ya san inda ya yi ƙarfi da inda ya yi sanyi. Malam yana son a kashe sharhi a bar hira, bai san daga sharhi hirar take samun abincinta ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, ya rasu a 2022. Darakta Aminu S. Bono ya rasu a 2023. Allah ya jiƙansu da rahama. Nawa ne daga cikin abin da suka sani game da tsara fitowa da sarrafa jarumai aka rubuta aka ajiye wa na baya? Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa yau an haura shekara talatin, kuma ba don mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ba, da rubuce-rubucen masana irin su Abdalla Uba Adamu da Muhsin Ibrahim, da tarihin wannan masana'anta ya zama jita-jita.

Ga shi kuma finafinanmu sun fara leƙa waje. An tura The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa aka yi, ya wakilci Najeriya a gasar Oscar a 2020, aka tura Mai Martaba na Prince Daniel a 2024. A can babu wanda zai yi wa fim rangwame don an shirya shi cikin talauci, ko don masu yin sa suna fama da hukuma. Gara darakta ya ji gyara daga ɗan'uwansa da ya san harshen da al'adar, ya kuma damu da ci gabansa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da nake nema daga masu sharhi a bayyane yake: su kalli fim har ƙarshe kafin su rubuta, su kafa hujja da abin da ke kan allo, su gargaɗi mai karatu idan za su taɓa asirin labari, su yaba abin da ya yi kyau da irin ƙarfin da suke kushe wanda bai yi ba, su bar rayuwar mutane ta gida, kuma kada su karɓi ko sisi daga wanda suke auna aikinsa. Wanda ya kiyaye waɗannan, editoci su ba shi shafi na dindindin, daraktoci su buɗe masa ƙofa su amsa tambayarsa ko da mai ɗaci ce. Kai kuma Malam, ina roƙonka ka janye kiran nan na ajiye alƙalami. Kana da ilimi, kana da masu sauraronka. Ka zaɓi fim guda daga cikin waɗanda ake nunawa yanzu, ka kalle shi daga kashin farko, ka rubuta mana gaskiyar abin da ka gani.